Wake ɗaya ko ruwan ciki?

Tambaya: Malam, ina koyon R, manhajar ƙididdiga. Na rubuta zagaye, wato umarnin da ke maimaita aiki, don ya ninka lambobin wani jeri, 2, 5 da 3, sai amsa ta fito sifili maimakon 30. Abokina ya ce wake ɗaya ke ɓata gari. Karin maganar ta dace a nan? Kuma "ninka" za a ce ko "riɓanya"?

Amsa: Ɗana, abokinka ya kusa, amma bai kai ba. Ana faɗin wake ɗaya ke ɓata gari ne idan mugun abu guda ya shiga cikin masu kyau ya lalata su. To lambobinka uku lafiyarsu lau. Ciwon yana wurin farawa: kusan tabbas ka ba ma'ajin amsar sifili kafin zagaye ya soma, kamar yadda ake yi wajen tarawa. Sifili sau 2 sifili ne, sau 5 ma haka, har a naɗe ƙasa. Mai da ma'ajin 1, ka sa zagayen ya nuna maka amsa kowane juyi, za ka ga 2, 10, 30. Karin maganar da ta hau wannan ita ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, wato sai da abu a hannu ake samo wani.

Waken abokinka yana da ranarsa. Idan gurbi ɗaya a jerin babu komai, abin da R ke rubutawa NA, amsar duka NA za ta zama. Wannan kam wake ne. Umarnin prod, wanda ke ninka jeri ba tare da zagaye ba, yana tsince shi idan ka ƙara masa na.rm = TRUE. Sai dai ka fara tambayar dalilin ɓatan lambar, don ruwa ba ya tsami banza.

Batun kalma kuwa, ninka asalinsa na tufa ne da takarda, a naɗe gida biyu ko uku. Riɓanya ya fi zama a bakin 'yan kasuwa, kuɗin kaya ya riɓanya. Ni ninkawa na fi so a lissafi, ko da yake yaran firamare sun huta da "sau".

Ka kuma kula, R daga 1 take ƙirga gurabe, saɓanin Python, wani yaren kwamfuta, da ke farawa daga sifili. Zagaye ya zarce gurbin ƙarshe, NA zai ɗebo maka.