Muryata ta dushe wata biyu, kuma babu ciwo: in damu?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne, shekarata 48, ina shan taba. Wata biyu ke nan muryata a dushe. Na sha antibayotik har sau biyu, yanzu raɗa nake yi don ta huta. Ba na jin zafi, shi ya sa abokaina ke cewa ba komai. Amma raina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, gara da ranka bai kwanta ba.

Taɓa zakaran wuyanka. A bayan wannan guringuntsin akwatin murya yake, a bakin hanyar iska, gaban hanyar abinci. A ciki akwai tantani biyu masu tsawon kusan santimita 2 a babban namiji. Idan za ka yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta kaɗa su, sama da sau 100 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, kusan 200 ga mace. Abu mai aiki da sauri haka, ɗan tsiro ƙarami a gefensa ya isa ya ɓata murya. A wurin malami, yawanci kanta ce ke fitowa a kan tantanin saboda yawan ɗaga murya, ko kuma ruwan ciki mai tsami ne ke hawowa yana ƙona wurin. Akwai kuma jijiyoyin da ke motsa tantanin, ta dama da ta hagu; ta hagun sai ta gangara cikin ƙirji ta zagaye babbar jijiyar jini kafin ta dawo wuya. Don haka cutar huhu ko maƙoƙo na iya dushe murya alhali tantanin kansa lafiya lau.

Sai maganar abokanka, wai tunda babu zafi babu matsala. Kullum sai na ji wannan zance, kuma ya ci mutane da yawa. Ciwon dajin da ke fara kama tantanin murya ba ya ciwo a farkonsa. Dushewar muryar ita ce alamarsa, sau da yawa ita kaɗai. Zafi, da ciwon kunne a ɓari ɗaya, da wahalar haɗiya, da kullutu a wuya, sai cuta ta yi nisa suke bayyana. Mai jiran ya ji zafi kafin ya zo, jira yake a makara. Abin takaicin shi ne wannan daji yana cikin masu saurin tona kansu, kuma ba ya saurin bazuwa daga tantanin. In an kama shi da wuri yawancin masu shi suna warkewa, da muryarsu. In an bar shi, wani lokaci sai an cire akwatin muryar gaba ɗaya, mutum ya koma numfashi ta huda a wuya.

To a tsakanin nan me ake yi? Mai sayar da magani da bai taɓa ganin tantanin murya ba ya ba ka antibayotik, ya ƙara maka da sitiroyid, wato maganin rage kumburi. Kumburi ya ɗan sauka, murya ta washe kwana kaɗan, ka ce an dace. Ba a dace ba, an dai rufe alamar. Dushewar mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, antibayotik ba ya taɓa ta, kuma tana wucewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wadda ta haura mako 3 zuwa 4 sai an leƙa, musamman ga mai shan taba. Ba a ganin wurin ta buɗe baki da haska tocila. Tun 1854 wani malamin waƙa ɗan Sifen, Manuel Garcia, ya ga nasa tantanin da ɗan madubi, amma har yau ana rubuta wa mutane magani ba a duba ba!

Ban ce kana da daji ba, Malam. Na ce ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro a makon nan. Siririyar kyamara za a zura ta hanci, 'yan mintoci an gama. Ka daina raɗa, tana wahalar da tantanin. Yi magana a hankali, ka rage yawan gyaran murya, ka sha ruwa. Tabar kuwa ka ajiye ta yau. In numfashi ya fara yi maka wuya, ko yana fita da ƙara, ko ka ga jini a kaki, asibiti za ka wuce nan take, ko da tsakar dare ne.