Tambaya da Amsa: Takalmin sarki a wasan kwaikwayo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata sakandare, ɗalibaina za su yi wasan kwaikwayo a kan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ranar bikin yaye ɗalibai, mun samu aron alkyabba da rawani amma takalmi ya gagara, yaron da zai fito a sarkin kambas kawai gare shi. Dan Allah ya za mu yi, kuɗin namu ba yawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da kika damu da wannan, don wallahi abin na min ciwo in ga an naɗa wa yaro rawani mai kyau sannan ka duba ƙasa ka ga kambas ko silifas ɗin wanka. Balle Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, tarihin Kano ya nuna shi ya fara kawo takalmin gashin jimina tare da kakaki da figini (mafificin gashin jimina), to kin ga a wasanku takalmin nan yana cikin labarin.

Kambas dai ki ajiye shi gefe. Ki nemo tsohon hafkoba na fata mara tudun dunduniya wanda ya yi wa yaron daidai, ko a gwanjo za a samu, na roba kuma a'a don gam ba ya kama shi sosai.

Inda mutane ke kuskure shi ne su ɗauko sufa gulu su dinga manna gashin kai tsaye a jikin takalmi, yana bushewa sai ya ƙandare ya yi fari-fari, yaro na taku uku gashi ya fara zuba a dandali. Ki je wajen baduku, in kina Kano akwai dukawa a kasuwar Kurmi, ya yanko miki kirgi guda biyu masu ɗan faɗi da za su rufe saman ƙafa, a kan wannan kirgin za a ɗinke gashin layi-layi, a fara daga bakin gefe a shigo ciki yadda kowane layi zai rufe gindin na bayansa, zaren ma ba za a gani ba. Sai an gama sannan a goge saman takalmin da sandifefa, a shafa gam irin na shumeka a duka ɓangarorin biyu, a bar shi kamar minti 10 ya sha iska har ya daina bin yatsa, a haɗa a daddaka da guduma, sannan a bi gefe da basilla da zare mai ƙarfi. Ɗinkin nan shi ne aikin, kar ki yarda ya ce gam kaɗai ya isa.

Gashin jimina na gaske da tsada, gashin talo-talo ko na baƙar kaza zai yi, a wanke da sabulu a shanya a inuwa, daga inda ƴan kallo ke zaune ba mai ganewa.

Ƙasan takalmin in ya yi sulɓi a kankare shi ko a manna masa siririyar taya. Kuma lallai yaron ya yi rihazal da shi sanye da alkyabbar, saboda bakinta na iya kama gashin, ya koyi takun ƙasaita a hankali ba jan ƙafa ba. In an gama wasa a sa shi a kwali da kafur saboda asu, kuma ki ja masa kunne kar ya fita yawo da shi cikin gari, kayan sarauta ne.