Likita ya ce ciwon damuwa ne, maigida ya ce rashin godiya ne

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29, yaranmu biyu. Tun bayan haihuwata ta biyu na kasa gane kaina. Barci ya ƙaurace mini, abinci sai na tura da ƙyar. Wani lokaci ina cikin tuƙa tuwo sai gabana ya yanke ya faɗi, numfashina ya dinga sarƙewa kamar zan mutu, in zauna bakin murhu in yi ta kuka ba wanda ya taɓa ni. Na je asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne da fargaba, ya ɗora ni a kan magani. Da na gaya wa maigida sai ya ce, "Me kika rasa a gidan nan, ci ko sha?" Hajiyarsa kuma ta ce iska ce, a kai ni ruƙiyya. Yanzu a ɓoye nake shan maganin. Mutumin kirki ne, ina son sa. Yaya zan yi ya fahimce ni?

Wata baiwar Allah, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ki cire wa ranki cewa butulci ne ko raunin imani. Annabi Yaƙubu (AS) ma sai da idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna fama da ciwon damuwa.

Tambayar da maigidanki ya yi ta nuna abin da ya ji. Da kika ce "damuwa", shi a kunnensa cewa kika yi ya gaza riƙe ki. Don haka ki same shi bayan ya ci ya huta, yara sun yi barci, ki fara da cewa bai rage ki da komai ba, ciwo ne irin hawan jini, kuma taimakonsa kike nema. Kada ki tsaya a "ka fahimce ni", namiji bai san ta inda zai kama wannan ba. Faɗa masa abin yi: in abin ya taso ya zauna kusa da ke, ya riƙe hannunki, ku ja numfashi a hankali tare, ba faɗa, ba "ki yi haƙuri mana". Ya ɗauke miki yara ko na awa ɗaya ki runtsa.

Babban abin da nake so ki roƙa shi ne ya raka ki ranar ganin likita. Abin da ya musa a bakinki sau da yawa zai karɓa a bakin likita, kuma maigidan ne zai iya shawo kan Hajiya, ba ke ba. Addu'a da azkar ki riƙe su, ba sa hana shan magani. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Ɓoye maganin nan ya dame ni, domin mai sha a ɓoye ita ce ke tsallake kwana. Yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma ba a yanke shi kwatsam sai da izinin likita. In kina shayarwa ki sanar da likitan.

Idan kuma tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki, kada ki jira ranar da aka ba ki. Ki gaya wa mahaifiyarki ko yayarki a ranar, su kai ki asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

Anti