Ba mu da ɗakin gwaji, ta yaya ɗalibai za su ga ADN da idonsu?

Tambaya: Ni malamin SVT ne, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, a wani lise a nan Damagaram. Ina koyar da darasin gado da ƙwayoyin halitta, amma duk a kan allo muke yi. Babu kayan aiki, wuta kuma sai ta ga dama. Ko akwai gwajin da yara za su yi da hannunsu?

Amsa: Malam, akwai, kuma yawancin kayan kana samunsu a kasuwar Dole. Abu ɗaya ne zai kai ka farmasi, wato alkol mai digiri 90 ko sama, irin na wanke ciwo.

Ka fara da fitar da ADN, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin halitta, daga ayaba. Kowane rukuni na yara huɗu ko biyar ya sa rabin ayaba nunanniya a leda, a murje ta da hannu har ta zama kamar kunu. A haɗa rabin kofin ruwa da rabin cokalin shayi na gishiri da cokali biyu na sabulun ruwa na wanke kwanoni, a zuba a ledar, a cuɗa a hankali don kada kumfa ya tashi. Bayan minti goma a tace da ƙyalle mai tsabta cikin kofin gilashi. Sai a karkata kofin, a tsiyaya alkol ta gefe, kwatankwacin yawan ruwan da aka tace. Ba a motsawa. Jim kaɗan wani farin abu mai yauƙi zai taru inda ruwan biyu suka haɗu, har a naɗo shi da tsinken sakace.

Zafin Zinder ne babban abokin gabarka a nan. Alkol mai ɗumi ba ya fito da abin sosai, don haka ka binne kwalbar cikin ƙanƙara a cikin kula, wato akwatin sanyi, tun da safe. Kuma a nisanta shi da wuta.

Kada ka bar su su tsaya ga mamaki. Ka tambaye su aikin kowane abu. Sabulu yana fasa siririyar fatar da ta lulluɓe ƙwayar halitta domin da maiƙo aka gina ta, gishiri yana sa zaruruwan ADN su dunƙule, alkol kuma ya ware su domin ba su narkewa a cikinsa. Rukuni ɗaya ya yi gwajin ba sabulu, wani ba gishiri, a jera kofunan a kwatanta. A ganina nan ne ilimin yake. Ka kuma faɗa musu gaskiya: abin da suka naɗo gauraye yake da furotin da ARN, wani sinadari ɗan'uwan ADN, kuma murɗaɗɗiyar sifar ADN da masana kimiyya Watson da Crick suka bayyana a 1953 ba ta ganuwa a kofi.

Gwaji na biyu ba ya cin ko dala. Jaka biyu, uwa da uba, kowace da farin wake 50 da jan wake 50. Fari shi ne A, ƙwayar gado mai lafiya, ja shi ne S na sikila, wato uwa da uba duk AS ne. Yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya daga kowace jaka, a rubuta, a mayar, a sake. In aka tara sakamakon aji duka za a ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu SS ne, rabi AS, sauran AA. Tsarin gado da masani Mendel ya wallafa ke nan a 1866. Wani rukunin zai zaro SS sau uku a jere, sai gardama ta kaure, kuma ita ake so: kowane ciki da aka ɗauka kamar sake zarowa ne daga jakunkunan, haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kare ƴan uku na bayansa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a taɓa jinin ɗalibai a aji. Ban da haɗarin cuta, rukunin jini ko sakamakon sikila na iya tayar da maganar da ta fi ƙarfin malami, har ta kai ga zargin uba a gida. Wanda ke son sanin nasa ya je asibiti tare da iyayensa. In kuma kana son su leƙa madubin ƙara girma su ga rabuwar ƙwayoyin halitta a saiwar albasa, ka rubuta wa sashen kimiyya na Jami'ar André Salifou ta hannun shugaban makarantarku, ka nemi izinin kai su ziyara.