Ga ɗan'uwan da ya yi rajistar domen 80 bai sayar da ko ɗaya ba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sau biyu na karanta tambayarka, kuma wallahi raina ya ɓaci, ba da kai ba, da waɗanda suka tura ka cikin wannan rami. Ka ce bara ka yi rajistar domen 80, wato sunayen adireshin shafin intanet, don ka sayar, lokacin da ake ragi, shekara ta zagayo ko tayi ba ka samu ba, saƙon sabuntawa na shigo maka kullum, sai ga wani ya aiko imel zai sayi ɗaya dala 15,000 amma sai ka kawo masa takardar ƙiyasin daraja. Kana tambaya ko ka sabunta, kuma ko ka biya kuɗin takardar. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san wannan zafin, ni ma ban fi ƙarfinsa ba. Bari in fara da wanda ya fi gaggawa.

Kada ka ba mutumin nan ko sisi. Ɗan damfara ne, kuma salon nasa ya tsufa, ya fi shekara goma yana yawo. Koma ka sake duba imel ɗin da idon basira. Ya yi ciniki? Bai yi ba. Mai sayen gaske yana tayawa ne a ƙasa, ka ce albarka, ya ƙara, ku ja har ku daidaita. Shi kuwa wannan daga sallama ya ɗora maka kuɗin da kai kanka ba ka yi mafarkinsu ba. Da ka amsa sai ya ce ai shi wakili ne, wanda yake yi wa aiki ko bankinsu ba za su saki kuɗi ba sai da shaidar daraja. In ka tura masa ƙiyasin kyauta irin na kamfanin rajista GoDaddy, zai ce na inji ne, ba sa karɓa. Daga nan ya turo maka wani zaure na tattaunawa inda mutum uku ko huɗu ke yabon wani kamfanin ƙiyasi guda. Zauren nasa ne. Masu yabon shi ne. Kamfanin ma aljihunsa ne. Kuɗin takardar da gangan ya sa su kaɗan, 'yan gomomin daloli ko ɗari da ɗoriya, don ka ce ai mene ne wannan a gaban dubu 15. Kana biya shi ke nan, ɗif, kamar an shuka dusa. Wani ma don rashin imani sai ya dawo ya ce saura takarda ta biyu mai nuna babu rikicin tambari a kan sunan.

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Kwanakin nan ne da mutum zai yi yana kwana yana tashi da lissafin dala 15,000 a ransa, ya riga ya raba su, ya biya bashi, ya ƙara jari, wani har ya faɗa wa iyalinsa. Yana buɗe imel sau ashirin a wuni. Ya rubuta "ina jiran amsarku", ya goge, ya sake rubutawa da ladabi don kada ya ɓata wa mai saye rai. Alhali macucin nan imel guda ya watsa wa dubban mutane, ko sunan da ya taya bai karanta ba. Sababbin shiga suke farauta musamman, don sun san mai sunaye jibge da ba a taɓa tayawa ba yana cike da ƙishirwar wani ya ce masa kayansa na da daraja. Allah ya isa. In kana son ka gani da idonka, rubuta masa layi biyu: ya biya kuɗin takardar da kansa ya cire daga cikin cinikin, kuma a yi komai ta Escrow.com, ɗan tsakanin da ke riƙe kuɗin mai saye har a miƙa masa sunan. Ba za ka sake jin ɗuriyarsa ba.

To, sai maganar sabuntawa, wadda ita ce ainihin ciwon. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne domen ba saye ake yi ba, haya ce ta shekara-shekara. Verisign, kamfanin da ke riƙe da .com, ya ɗaga abin da yake karɓa kan kowane suna a shekara daga kamfanonin rajista zuwa dala 10.26 a watan Satumban 2024, ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet, ta ɗora 'yan santocinta, kamfanin rajistarka ya ɗora ribarsa. Ke nan duk inda ka ga .com ƙasa da dala 10, ƙugiya ce ta shekarar farko. Sababbin wutsiyoyin nan, wato ƙarshen suna irin .com, da suka fara fitowa daga 2013 zuwa 2014 sun fi muni a wannan fanni: dala ɗaya ko biyu yau, baɗi a ninka maka sau goma ko fiye, wasu sunayen ma an ware su da farashi na musamman da za ka riƙa biya kowace shekara. Araha ba ta ado, malam.

Ɗauki biro ka yi wannan lissafin. A ce kana da .com guda 100, kowanne dala 11 a shekara, dala 1,100 ke nan. Abin da tsofaffin hannu suka saba faɗa shi ne, a cikin sunaye masu kyau, ɗaya ko biyu cikin ɗari ake sayarwa a shekara. Masu kyau fa na ce. In ka sayar da ɗaya a dala 2,000, kasuwa ta cire la'adarta kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari, ka tashi da 1,500 zuwa 1,700. Cire kuɗin sabuntawa ka ga abin da ya rage. Shekarar da ba a yi ciniki ba kuwa uwar kuɗi ake ci. Saboda haka shekara guda babu ciniki a sunaye 80 ba abin mamaki ba ne ko ga gwani, amma rashin tayi ko guda, ko na raini, yana gaya maka wani abu game da kayan.

Kada ka sabunta su duka don kawai kana jin ciwon abin da ka riga ka kashe. Wancan ya tafi. Zauna da jerin, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk mai karan ɗori a tsakiya, ko lamba haɗe da kalma, ko kalmomi huɗu a jere, ko harafin da aka sauya don na asalin wani ya riga ka, ajiye shi gefe. Faɗi sunan da baki ga wani ka ce ya rubuta. In sai ka yi masa bayanin haruffa, ya faɗi. Wanda ya tsallake, shiga NameBio, shafin da ke tara tarihin cinikin domen, ka rubuta babbar kalmar da ke cikinsa ka ga ko an taɓa sayar da makamancinsa, nawa, a wace shekara, da wace wutsiya. Sannan ka duba ko an yi rajistar sunan a wasu wutsiyoyin, .net, .org, .co da sauransu. In kai kaɗai ne a duniya ka ga dacewar riƙe shi, to kallon kitse ka yi wa rogo. Tambaya ta ƙarshe ita ce mai yanke hukunci: za ka iya lissafo kamfanoni goma masu rai, masu kuɗi, waɗanda wannan sunan ya fi wanda suke amfani da shi yanzu? Ba waɗanda za a kafa nan gaba ba. In ba ka iya ba, sake shi. Cikin 80 ɗin nan in 10 suka rage ka gode wa Allah, in 5 ne ma ba laifi.

Af, kafin in manta. Ka ce a cikinsu akwai wanda ka haɗa da sunan wani babban kamfani kana shirin rubuta musu su saya. Don Allah kada ka yi. Akwai tsarin UDRP na warware rikicin tambari a kan domen da ICANN ta kafa tun 1999, kuma ka amince da shi ranar da ka yi rajista ko ba ka karanta ba. Mai tambari zai kai ƙara, misali a WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, ya biya dala 1,500 in alƙali ɗaya ne, ya nuna abu uku: sunan ya yi kama da tambarinsa, ba ka da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ka yi rajistarsa kake amfani da shi. Kwana 20 gare ka ka kare kanka. Wasiƙar da za ka aika musu kana neman kuɗin da ya wuce abin da ka kashe, ita ce hujjar mugun nufin, ka miƙa musu da hannunka. Za a ƙwace sunan, sunanka kuma ya zauna a hukuncin da kowa zai iya karantawa. A Amurka ma akwai dokar 1999 da ta ba kotu damar cin tara daga dala 1,000 har 100,000 kan suna guda. Wannan shi ne na farko da za ka saki. Sauran kuma ka bincika su a rumbun tambura na WIPO da na ofishin Amurka, kyauta ne.

Ni masu bidiyon nan da ke tallata harkar domen ne ba na yafe wa. Kullum misalinsu voice.com ne, an sayar dala miliyan 30 a 2019. Gaskiya ne, an sayar. Amma ba sa cewa kalma ɗaya ce tak ta Turanci, kuma kamfanin MicroStrategy ne ya daɗe yana riƙe da ita. Sunayen .com da ke da rajista sun haura miliyan 150, me ake zaton ya rage a ƙasa yana jiran mai dala 10? Yawancin masu wannan surutun ribarsu na cikin kwas ɗin da suke sayarwa ne da la'adar da kamfanin rajista ke ba su in ka bi ta hanyarsu. Kai ne cinikin. Masu ci da harkar nan da gaske a gwanjon sunayen da wa'adinsu ya ƙare suke saye, suna tace jerin a ExpiredDomains.net, suna duba tarihin suna a Wayback Machine, rumbun tsofaffin shafukan intanet, don kada a sayi wanda aka taɓa yin caca ko damfara da shi, kuma gara su zuba dala 300 a suna ɗaya da su watsa ta a talatin.

Waɗanda ka zaɓa ka riƙe, kunna musu sabuntawa ta kai tsaye, ka tabbata katinka bai mutu ba. Waɗanda za ka saki ka kashe musu ita yau, don kamfanoni da yawa suna cire kuɗi tun kafin ranar ta cika. Ka san kuma yadda .com ke mutuwa: bayan wa'adi akwai rangwamen da zai iya kaiwa kwana 45, amma kowane kamfani da nasa adadin, wasu a cikin kwanakin nan suke kai sunan gwanjo. Sai kwana 30 na fansa da tara mai nauyi, sai kwana 5 da babu mai iya taɓa shi, sannan ya faɗo. Wutsiyoyin ƙasashe kowace da dokarta, kada ka auna su da wannan.

Waɗanda ka riƙe ka sa su a kasuwannin domen na Afternic da Sedo, da farashi a rubuce ƙarara, domin mai ƙaramin kamfani in ya ga "yi tayi" yakan wuce abinsa. Afternic ta GoDaddy ce, tana nuna sunanka a akwatin bincike na kamfanonin rajista da dama, inda mai saye yake tun farko. Juya sunan ya nufi shafin sayarwa, yadda duk wanda ya buga shi zai ga na sayarwa ne. Abin kunya ne yawan mutanen da ke kukan babu ciniki alhali sunansu na buɗe shafi fari fat. Farashi ɗaya a ko'ina. Kuma duk sunan da ka saki ka goge shi daga kasuwannin nan, don in wani ya biya kuɗin abin da ba ya hannunka, asusunka ne zai sha hukunci.

Ranar da mai sayen gaske ya zo, kada ka ba da lambar sirrin canja wuri sai ɗan tsakani ya tabbatar kuɗi sun shiga hannunsa. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, kuma biyan da aka yi da kati kai tsaye ana iya janye shi bayan sunan ya bar hannunka. Ka tuna akwai kullen kwana 60 bayan sabuwar rajista ko canjin kamfanin rajista, wanda a cikinsa ba a iya mayar da sunan wani kamfanin, ka gaya wa mai saye tun da wuri don kada ya zaci wasa kake masa. Sa matakin tsaro na biyu a asusun rajistar da kuma imel ɗin da ke haɗe da shi, musamman yanzu da ka riga ka amsa wa mutumin can ya san akwai mai rai a bayan adireshin. In ya turo wata takarda ko hanyar shiga, kada ka taɓa.

In ka gama tacewar, kawo waɗanda suka rage mu duba tare, amma ka cire na kamfanin nan daga jerin kafin ka turo.