Sa fitilar nutse a silin katako na bakin rufi

Malam, ka ce kana so ka sa fitilun da ake nutsawa cikin silin katakon bakin rufinka, amma kana tsoron zafi da ruwa. Tsoron naka yana kan hanya.

Kafin ka huda komai, ka leƙa ciki da tocila ka ga inda rafta ta bi da zurfin wurin. Ni na taɓa huda rami ban duba ba, zarton ya ci karo da rafta, dole na sake katako guda. Idan wurin ba zurfi, nemi siririyar fitilar LED mai maƙalewa da sifirin, santimita uku ma ya ishe ta. Ka guji fitilar halojin, irin mai zafin nan: mai wat 50 tana gasa katako, alhali LED mai wat 6 tana ba da kusan haskenta.

Ruwa ne babbar matsala. Feshin damina yana shiga ƙarƙashin rufi, ga ƙurar hunturu, don haka ka duba kwalin fitilar ka ga lambar kariya: IP44 mai jure feshin ruwa, in gefen da iska ke kaɗo ruwa ne kuma IP65, wadda ke hana ƙura ma shiga. Ka shafa wa bakin ramin fenti, nan danshi da gara ke fara shiga. Tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakanin fitilu ta isa. Haske mai ɗan ja, 3000K, bai cika tara ƙwari ba.

Haɗin waya kuwa, don Allah ka kira ƙwararren mai wayarin, ya sa kowane haɗi cikin akwatinsa, kada a naɗe da salatif kawai. Kafin a fara aikin, a kashe babban makunni, har da janareta da inbata.