Tambaya da Amsa: Wai Amurka ce ta ci Yaƙin Hitila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali? Musu ne ya kaure mana a teburin mai shayi, abokina ya dage wai Amurka ce kaɗai ta ci yaƙin duniya na biyu, ni kuma na ce ai sai da yaƙi ya yi nisa suka shigo. Don Allah a raba mana gardama. Sannan su talakawansu da ba su je fagen fama ba, me suka yi? Daga wani ɗalibi, Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, lafiya lau alhamdu lillahi. A kan batun shigowa kai ke da gaskiya. An fara yaƙi a Satumbar 1939, Amurka ba ta shiga ba sai da Japan ta kai mata hari a sansanin sojan ruwanta na Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941 aka kashe mutum sama da 2,400, bayan kwana huɗu Hitila shi ma ya shelanta yaƙi a kanta. In kuma ta jini za a bi to ba a ma haɗa su da Tarayyar Sobiyet, wadda ta yi asarar rai wajen miliyan 27, ita Amurka dubu 400 da ɗoriya, kuma mafi yawan sojojin Jamus a can gabas a hannun Rashawa suka halaka. Abokinka finafinai ne suka yi masa yawa.

Amma fa kar ka yi saurin dariya, don abin da Amurka ta kawo ba wanda ya iya kawo shi, wato kaya. Ƙasarsu ba a yi mata ruwan bom kamar Ingila da Jamus ba, saboda haka masana'antu suka yi ta aiki dare da rana. Daga farkon 1942 aka hana ƙera motar hawa kwata-kwata, kamfanin Ford ya koma ƙera jirgin saman yaƙi a Willow Run kusa da Detroit har ta kai a 1944 kusan kowace awa ɗaya sai jirgi ya fito. Kafin a gama yaƙi sun ƙera jiragen sama wajen dubu 300, da jiragen ruwan dakon kaya da ake ce wa Liberty guda 2,710, akwai ma wanda aka harhaɗa cikin ƙasa da kwana biyar don nuna bajinta. Su kansu Rashawan da manyan motocin Studebaker na Amurka suka riƙa jigilar soja da abinci.

To wa ya yi wannan aikin tunda wajen mutum miliyan 16 sun sa kaki? Mata ne da yawa, miliyoyinsu suka fito, wadda jiya take gida yau ga ta da tabarau tana walda a jikin jirgin ruwa. A gida kuma kaya da yawa da kati ake saye, sukari da kofi da nama da takalmi da fetur, kowa da ɗan littafinsa mai tikiti, ka je kanti da kuɗinka a hannu in ba tikiti mai kanti ba zai ba ka ba. Sukari da farko rabin fam ne a sati ga mutum ɗaya, bai ma kai kwatan kilo ba. Aka hana gudu da mota fiye da mil 35 a awa don kar taya ta cinye, tunda Japan ta ƙwace ƙasashen da roba ke fitowa. Wanda ya fi burge ni shi ne na kitse, uwargida in ta gama suya sai ta tace ragowar man ta zuba a gwangwani ta kai wa mahauci ya biya ta, daga nan a wuce da shi masana'antar da ke haɗa abubuwan fashewa. Ga lambunan noman kayan abinci a bayan gida da filin makaranta wajen miliyan 20, ga rancen da jama'a suka riƙa bai wa gwamnati ta hanyar sayen takardun lamuni.

Sai dai ba kowa aka yi wa adalci ba, kuma wannan ɓangaren ba a cika son faɗa ba. A Fabrairun 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu aka kwashe 'yan asalin Japan kusan dubu 120 aka tsare a sansanoni, kashi biyu cikin uku ma haifaffun Amurka ne, wasu sun sayar da gida da gona a wulaƙance cikin 'yan kwanaki. Sai 1988 gwamnati ta nemi afuwa ta biya kowane mai rai dala dubu 20. Baƙaƙen fata kuwa sama da miliyan ɗaya suka shiga soja amma barikinsu daban, hatta jinin da suka bayar ware shi ake yi, alhali su ne mafi yawan direbobin da suka yi ta kai wa dakaru mai da harsashi a Faransa bayan saukar sojan Amurka da ƙawayenta a gaɓar tekun Normandy ranar 6 ga Yunin 1944. Shi ya sa jaridarsu ta Pittsburgh Courier ta ɗauko kiran nasara biyu, ɗaya a kan Hitila ɗaya a kan wariya a gida. Sai 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin daina wariya a soja.

TAMBAYA: Malam kakana yana cewa ya ga sojan Amurka a Kano lokacin yaƙi, anya kuwa? Daga wata baiwar Allah, Fagge.

AMSA: Ƙanwata kar ki ƙaryata tsoho. Jiragen da ake kai wa yaƙin Arewacin Afirka ta Takoradi a ƙasar Gana ta yau suke bi, su sauka Kano su sha mai, su wuce Maiduguri da Fort Lamy wato Njamena da El Fashar da Khartum har Alƙahira. Ingilishi suka fara buɗe hanyar a 1940, kamfanin jiragen saman Amurka mai suna Pan American ya shigo a 1941, daga baya sojan saman Amurka suka karɓi aikinsa a 1942. In Baba yana kusa da filin jirgi a shekarun nan, tabbas zai iya ganinsu.